Shekarar da Muka Rataye Gidan Gona

Na san labarin da kuke bayarwa a kaina, ku 'ya'yana da jikokina, duk lokacin da kuka wuce ta gaban gidan dutsen nan na tsohuwar hanyar Makka, wanda yanzu hukuma ta kewaye da shinge ta kafa masa allo ta hana kowa taɓa shi. Kuna rage gudun mota ku nuna wa abokanku, ku ce kakanmu ne ya ceci wannan gida. Ba ku yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin maganar har cikin raina. Sai dai rabin labarin kuke riƙe da shi. Kafin in ceci gidan nan, ni ne na kusa kashe shi da hannuna, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Na sauka Jidda ina saurayi daga jirgin ruwan Sudan, da sunan aikin hajji, kamar yadda yawancin Hausawanmu na can suka zo suka zauna. Ubana magini ne a garinmu na bakin kogi, ginin ƙasa, tubali da yaɓe, don haka ban sha wuyar samun abin yi ba. Na faɗa hannun Mu'allim Bakur, wani baƙin mutum gajere mai faɗin kafaɗa, haifaffen Jidda, jikan alhazan ƙasarmu. Hausa yana jin ta sarai, amma in ya zo mayarwa sai ya yi rabi da ita rabi da Larabci, zagi kuwa duk da Larabci. A wurinsa na koyi dutsen mangabi, wanda ake sarowa daga bakin teku, fari, mara nauyi, duk jikinsa ƙofofi kamar soso. A wurinsa na koyi cewa ba a ɗaure shi sai da baƙar laka ta gindin tafki, ba a shafe shi sai da nura, wato farar ƙasa da aka toya aka jiƙa, kuma duk bayan layi shida na dutse sai an shimfiɗa katako a cikin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wannan katako shi suke kira takalil. Shekara bakwai ina ƙarƙashinsa. Da siminti ya cika gari, kamfanoni suka fara neman masu hannu, sai na tattara kayan aikina na tafi. Da ma tafiya kawai na yi da sauƙi. Sai da na tsaya a bakin ƙofarsa na ce masa zamanin laka ya wuce, wanda ya ga dama ya zauna ya ruɓe tare da shi. Ina da baki a lokacin, kun dai gaje shi, ba sai na yi muku bayani ba.

A shekarar na auri mahaifiyarku Rakiya. Mahaifinta, Baba Haruna, shi ne mai kula da gonar wani gidan attajirai na Balad, tsohon garin Jidda, kuma a gidan gonar yake zaune da iyalinsa tun kafin a haife ta. Lokacin babu komai a wajen sai dabino da lalle da fatakan ayayo da ɗoɗɗoya, da rijiya mai ruwan zartsi wadda raƙumi ke ja. Gidan bene ne hawa ɗaya. An kafa tushensa da baƙin dutsen tsauni, daga nan zuwa sama mangabi ne. Kaurin bangon a ƙasa ya kai kamu biyu, yana sirancewa yana hawa, yadda na sama ba zai danne na ƙasa ba. A ƙasa akwai rumbun dabino da ɗakunan Baba Haruna da zaure mai dakali. A sama ɗakunan masu gida ne, waɗanda ba sa zuwa sai shan iska, da taga guda ta katako mai sassaƙa da ta turo kai waje ta fuskar arewa, irin wadda ake kira roshan. Rufin sandunan itace ne da tabarmi da ƙasa, kusan irin azararmu. Indararonsa kuwa ba waje yake zubarwa ba, cikin tsakar gida yake, domin a ƙarƙashin tsakar gidan akwai matattarar ruwa da aka gina, duk ɗigon ruwan saman da Allah Ya kawo a shekara nan yake taruwa. Da tsakar rana, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga zauren nan sai ka nemi mayafi. Wanda ya gina shi bai bar sunansa ba, amma ya san abin da yake yi.

To, kun san al'adarmu. Sabon ango yakan nuna kansa a gidan surukai, wani ya yi musu noma, wani ya yi musu jinka. Ni magini ne, kuma ɗan kamfani mai sabon agogo. Na dubi bangon gidan na ga nurarsa ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ta zube dutse ya fito fili. A garinmu bangon da ba yaɓe abin kunya ne, damina guda za ta cinye shi, kuma duk wanda ya wuce zai ce gidan ba maza. Ban tsaya na tuna cewa nan ba ruwan sama ne abokin gabar bango ba. Na sayo siminti da kuɗina, na kwashe Juma'a huɗu ina kankare tsohuwar nura, na yaɓe hawan ƙasa gaba ɗaya, ciki da waje, sumul kamar ƙwai. Masu gida da suka zo suka yaba, har suka aiko mini da yadi. Surukata ta yi guɗa. Baba Haruna ya zagaya gidan sau ɗaya, ya ɗora tafinsa a bango, ya ce Allah Ya yi albarka, ya koma wajen dabinonsa.

Ku jikokina da kuka tashi a benayen unguwar Safa ba za ku gane irin kunyar da ke tsakanina da shi ba. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Ba ya kiran sunana Isiyaku, ba na haɗa ido da shi. In yana da magana sai ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa Rakiya, Rakiya ta zaɓi wadda za ta iya faɗa mini ta haɗiye sauran. Mutumin nan shekara talatin yana kwana a jikin bangon, ya san shi kamar yadda ya san jikinsa. Tun a shekarar farko ya ga zauren ya daina sanyi, ya ga farin gishiri yana tsattsafowa a saman inda simintin ya tsaya, ya ji warin danshi a rumbu. Amma yaya za a yi ya aika wa mijin 'yarsa cewa kyautar da ya yi cuta ce? Ya yi shiru. Ni ma ina gani in na je gaisuwa, kuma wani abu a cikina ya san dalili, domin ba banza na yi shekara bakwai a wurin Mu'allim Bakur ba. Sai in kau da kai in ce tsufa ne. Haka muka yi ta girmama juna, ni da shi, shekara tara, bango yana ruɓewa a tsakaninmu.

A shekara ta tara bangon arewa ya yi ciki. Ya kumbura ƙarƙashin roshan kamar tulu, tsaga ta tashi daga kusurwa har ta kai taga. Tsohon mai gidan ya riga ya rasu, gonar ta koma hannun ɗansa, Sayyid Fu'ad, mutumin kirki amma mai sauri. Ya kawo muhandis, wato injiniya, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce gini ya mutu, a rushe kafin ya kashe mutane. Sayyid Fu'ad ya ce in an rushe ba zai sake gini ba, zai yanka filin ya sayar, tunda gari ya taho. Ya ba Baba Haruna wata biyu ya nemi wurin zama. Tsoho mai shekara saba'in, da mata da 'ya'ya da jikoki goma sha, wanda ko hanyar kasuwar Balad bai cika sani ba.

Rakiya ce ta kawo mini labarin. Na dawo daga aiki da la'asar, ta ajiye mini abinci, ta zauna a gabana maimakon ta tashi kamar yadda ta saba.

"Malam, yau zan faɗi wadda nake haɗiyewa," in ji ta. "Baba ya sani tun farko simintinka ne. Ya hana Inna faɗa, ya hana ni. Ko jiya da muhandis ya tambayi wanda ya yi yaɓen, cewa ya yi ya manta."

Na ce mata ai gidan ya tsufa ne.

"Kai ma ka san ba tsufa ba ne. Shi ya rufa maka asiri shekara tara. Yanzu kai za ka rufa masa, ko kuwa a titi za ka riƙa tuɓe masa takalmi?"

Ban ci abincin nan ba. Na ji haushinta, na ji kunya, kuma na san ta fi ni gaskiya, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Washegari da safe ban tafi aiki ba, na nufi Balad.

Na sami Mu'allim Bakur a kan dakalin ƙofarsa. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, idonsa ɗaya ya yi fari. Na yi sallama na durƙusa. Ya daɗe yana kallona da mai kyan.

"Ahlan, ɗan zamani," ya ce. "Ni dai ga ni ina ruɓewa, kamar yadda ka yi mini addu'a. Esh tibga? Me kake so?"

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya zage ni da Larabci har ya yi tari, ya ce jakin da ke jan kurar ruwa ya fi ni, domin shi aƙalla bai taɓa cewa ya iya gini ba. Da ya gaji ya tambaye ni abu ɗaya.

"Takalil ɗin fa? Katakon yana nan lafiya?"

Na ce ban duba ba.

"To ɗauke ni. Yalla, mu je."

A kan kujera muka ɗora shi a bayan motar ɗaukar kaya. Da muka isa ya sa na fasa simintin da guduma a gindin bangon arewa. Abin da ya fito ba zan manta ba. Dutsen da na sani fari mai ƙarfi ya koma kamar jiƙaƙƙen gari, ina sa hannu ina ɗebowa. Mu'allim ya ɗanɗana ya tofar. Ya yi mini bayanin da ya sha yi mini ina yaro ban ji ba, cewa ƙasar Jidda gishiri ce da danshi, mangabi yana tsotsa daga ƙasa yana fitarwa ta ƙofofinsa, nura tana barinsa ya fitar, ni kuwa na toshe masa ko'ina na bar ruwan yana cinsa daga ciki. Sannan ya sa aka ɗaga kujerarsa, ya kai hannu layi na shida, ya soka wuƙa a katakon. Wuƙar ta ƙi shiga. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Halas, gidan nan bai mutu ba. Ƙafa ce ta ruɓe, ƙugu lafiya. Za mu rataye shi."

Na taɓa ganin ya yi haka sau ɗaya a wani lungu na Balad. Ana huda bango daidai ƙarƙashin katakon takalil, a zura manyan gungume su fito ciki da waje, a tokare su da ginshiƙan itace, a buga musu 'yan katakai masu tsini har nauyin benen ya tashi daga kan dutse ya koma kan itace. Daga nan sai a zare ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙasa, kashi-kashi, a gina sabo, gidan yana tsaye a sama kamar riga a kan igiya. Don wannan rana magabata suka sa katakon tun farko.

Saura Sayyid Fu'ad. Na same shi a shagonsu, na tsaya a gaban ma'aikatansa na ce ni ne na yi yaɓen da ya kashe bangon, Baba Haruna bai manta ba, rufa mini asiri ya yi. Na roƙe shi wata huɗu, aiki da kaya duk a wuyana. Ya ce muhandis ya ce ba zai yiwu ba. Na ce muhandis ya san siminti, ni ma na san shi, shi ya sa muke nan. Ya yi murmushi, ya ce tayyib, ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da aka cire tokaran zai zo da muhandis ɗin, in bango ya motsa ko da faɗin yatsa ne, washegari motar rusau za ta shigo.

A kamfani kuwa ni ne shugaban leburori, ana maganar ba ni wani babban aiki a arewacin gari. Na nemi hutun wata huɗu, suka ce ko kwana huɗu babu. Na ajiye. Sai da na sha zirga-zirgar neman sabon kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, kafin iƙamata, takardar zamana, ta daidaita, kuma irin wannan matsayi ban sake samunsa ba har na daina aiki. Kun sha tambayata abin da ya sa abokan aikina na da suka gina manyan gidaje, ku kuwa kuka tashi a ɗaki biyu a unguwar Sa'alaba. To ga dalilin. Na san kun sha matsi, kuma ina ba ku haƙuri, amma ko yau aka maido ni wurin haka zan sake yi.

Aikin ya ci wata huɗunsa cif. Masu saran mangabi sun daina, sai daga gidajen da ake rushewa a Balad muka riƙa tsinto dutse. Na shiga masallacin unguwarmu na kira gayya, na faɗi laifina a gaban jama'a, kuma wallahi Hausawan Sa'alaba ba su ba ni kunya ba. Duk Juma'a bayan an sauko sai ka ga masu ɗinki da masu tsire da 'yan dako sun naɗe riguna suna miƙa dutse hannu da hannu, mata suna tuƙa tuwo a gindin dabino, ana yi mini tsiya ana cewa a ɓoye buhun siminti kada ango ya gani. Mu'allim Bakur yana kan kujerarsa a inuwa da sanda, duk dutsen da na ɗora sai ya ƙwanƙwasa, in sautin bai yi masa ba sai na sauke. Mun kankare simintin nan kaf, muka bar bango ya sha iska, muka canza ƙasan bangon arewa da na yamma, muka shafe da nurar da ta kwana arba'in a rami. Baba Haruna da iyalinsa suna cikin rumfa a gefen rijiya. Kullum da safe zan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, kamar babu abin da ke faruwa a bayansa.

Ranar sauke gida ta zo, da hantsi. An cire tokaran ko'ina sai na kusurwar da ke ɗauke da roshan, inda nauyi ya fi yawa. Sayyid Fu'ad ya zo da muhandis, wanda ya manna wata 'yar takarda a kan tsohuwar tsagar, ya ce in ta yage magana ta ƙare. Mu'allim yana da doka tasa: wanda ya gina, shi zai zauna a cikin ɗaki a gindin bangon lokacin da ake buge tokara, domin magini ba ya sa wani kwana inda shi ba zai zauna ba. Na yi alwala na shiga. Na zauna na jingina bayana da sabon dutse, ina jin hayaniyar mutane a waje, sai hayaniyar ta ɗauke. Na ɗaga kai na ga Baba Haruna a bakin ƙofa da buzunsa a hammata. Na yunƙura zan durƙusa, ya yi mini alama da hannu. Ya shimfiɗa buzun dab da ni, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Daga waje Sayyid Fu'ad yana kira, yana ce masa ammi, wato baffa.

"Ya ammi Haruna, fito! Wannan ba wurinka ba ne!"

Tsohon ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Ɗana ne ya gina. Ku buga."

Suka buga. Kowane bugun guduma ina jinsa a ƙashin bayana. Tokara ta farko ta faɗi, ta biyu ta faɗi. Da aka zare ta ƙarshe gidan ya yi wani nishi mai tsawo tun daga sama, ƙura ta zubo mana a ka, sannan ya yi tsit. Mu'allim ya hana kowa motsi. Muka zauna a haka, ni da surukina, har inuwar ƙofa ta matsa kamu guda. Can sai na ji muryar muhandis yana cewa takarda lafiya, masha Allah, takarda lafiya, ya maimaita har sau uku kamar wanda aka yi wa gardama. Guɗa ta tashi, maza suna kabbara, na ji sandar Mu'allim tana dukan kujera, na ji muryar mahaifiyarku ta fi ta kowa. Ni kuwa hawaye ne ke zuba, sun haɗu da ƙura sun yi mini taɓo a fuska, ban ko share ba.

Baba Haruna bai tashi ba. Na ɗauka addu'a yake yi, na sunkuyar da kai ina jira. Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ya miƙo mini hannunsa.

"Isiyaku," ya ce, "ƙafata ta yi sanyi. Ɗaga ni mu fita, mutane suna jira."